Sarkin Ruwa a Aljihun Malam

Akwai wata cuta da ke kama malaman firamare wadda ba a sayar da maganinta a kemis. Alamarta ita ce, duk abin da malam ya karanta daren jiya, kafin gari ya waye ya zama gadon gidansu, ya shiga aji yana zuba bayani kai ka ce a gabansa aka yi abin. Ni dai an auna mini rabona na wannan cuta har da gyara. Kimiyya nake koya wa 'yan aji biyar a wani gari da ke kwarin kogin Haɗeja, kuma a unguwarmu in aka ga baƙon tsuntsu ko wata ciyawa da ba a gane ba, ni ake turo wa yaro. Ban taɓa mayar da ɗan aike hannu rabbana ba. In na sani in faɗa, in ban sani ba in faɗa da ƙarfi.

Cikin wata bazara ina latse-latsen waya na ci karo da labarin cewa 23 ga watan Mayu ita ce Ranar Kunkuru ta Duniya, wadda wata ƙungiya a Amurka ta fara rayawa tun shekarar 2000. Na bi labarin har tsakar dare. Na ga cewa kunkurayen tudu da na ruwa sun haura jinsi 350, kuma fiye da rabinsu suna cikin haɗarin ƙarewa. Na ga masana sun ce zuriyarsu ta fi shekara miliyan 200 a doron ƙasa. Washegari na shiga aji ƙirji a gaba, na yi wa yara alkawarin cewa ranar nan ba zane za su gani a allo ba, kunkurun ruwa mai rai zan kawo musu, su gan shi ido da ido. Suka kaure da tafi. Tafin nan shi ya kai ni ya baro.

Wanda ya san ƙasarmu ya san halin watan Mayu. Kududdufai sun ƙafe, taɓo ya bushe ya tsattsage, iska ma zafi take hurawa. Haka na riƙa fita bayan la'asar da sanda da buhu, ina zagaya busassun tafkuna, ina leƙa ramuka, ina ɗaga duwatsu. Masu buga tubali suka fara sa mini ido. Ɗaya ya tambaye ni cikin ladabi ko kuɗi na yar. Wani kuma na ji yana raɗa wa abokinsa cewa ashe 'yan boko ma suna zuwa wurin boka, ga shi an aiko wannan neman mahaɗin magani. Ko sawun kunkuru ban gani ba. Da ranar ta zo sai na koma ga alli, na zana abin da hannuna ya iya. Wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya sa akushin yake da ƙafafu?"

Sai da damina ta kankama abin nema ya samu. An kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe na ci ado da farar shadda mai aikin hannu, wadda ba na fito da ita sai da babban dalili, zan tafi ɗaurin auren 'yar wani abokin aikina a garin da ke gaba da mu. Ina tsaye a bakin titi ina jiran mota, sai ga wani abu yana tsallaka kwalta, ya fito daga ɓangaren fadama ya nufi wani tudun yashi. Tsawonsa bai kai santimita 20 ba. Ƙoƙon bayansa a baje yake, ba shi da tulluwa irin ta kunkurun tudu, launinsa na laka, kansa babba mai faɗi, tsakanin yatsunsa akwai fata irin ta agwagwa, ga farata zaƙo-zaƙo. Bakinsa kuwa a lanƙwashe yake ta gefe da gefe, har na ɗauka murna yake yi da ganina.

Ga mota ta taho, ga kunkuru, ga alkawarin da na yi wa yara. Na sunkuya na sure shi na jefa a babban aljihun riga, na shiga mota na zauna tsakanin wani dattijo da wata mai goyo.

Ba mu yi nisa ba wari ya tashi. Ba irin wanda ake kawar da kai a ce iska ce ta kawo ba. Wari ne mai zama, mai shiga maƙogwaro ya nemi wurin kwana. Dattijo ya toshe hanci da gefen rawani. Direba ya sauke gilashi ya ce, "Hajiya, a ɗan duba yaron nan mana." Baiwar Allah ta kwance goyo ta duba, ta ce ɗanta tas yake, kowa ya binciki kansa. Ni ma na taya su yamutsa fuska, har na ba da fatawar masana cewa wataƙila mushe muka taka. Duk wannan hidima ina jin danshi yana bin ƙirjina. Irin wannan kunkurun ruwa yana da wasu 'yan jakunkuna a gefen jikinsa, kusa da inda ƙoƙon sama ya haɗu da na ƙasa, masu fitar da ruwa mai ɗoyi idan ya tsorata, don duk abin da ya ɗauke shi da niyyar ci ya fasa. Sau da yawa yakan haɗa da fitsari da kashi, kada a ce ya yi rowa. Da kare ne ko dila, da tuni ya yar da shi ya kama gabansa. Ni da na yi makaranta sai na ƙara danna shi cikin aljihu.

A wurin ɗaurin aure ban taɓa samun girma irin na ranar ba. Duk inda na nufa sai a buɗe mini fili. Tabarma guda ni kaɗai, ga manyan mutane a tsaye cikin rana. Da aka shafa fatiha na je yi wa uban amarya Allah Ya sa alheri, ya ɗago mini hannu daga nesa ya ce, "Malam, ka sha hanya, je ka huta, Allah Ya bar zumunci." Goron ma jefo mini aka yi.

Uwargida ta tarye ni a tsakar gida, ta ja da baya, ta dubi taswirar da ta fito a gaban rigar, ta ce, "Malam, ɗaurin aure ka je ko yasar masai?" Na yi mata bayanin cewa ilimi ba ya samuwa sai da sadaukarwa. Ta ce to sadaukarwar ta haɗa da wanki, ga sabulu can, ga bokiti.

Yaran gida kuwa murna har kunne. Nan take suka naɗa shi Sarkin Ruwa, na sauke shi a bahon wanki da ɗan ruwa. Da maganar abinci ta taso sai na tuna da wani ƙaton kunkuru da na taɓa gani a gidan wani basarake ina yaro. Irin wannan na tudu ɗan asalin yankin Sahel ne, shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabra, yakan haura kilo 50, ciyawa da ganye yake ci, ya haƙa rami mai zurfi ya fake wa rana. Na ce ai kunkuru kunkuru ne. Na sayo latas da kabeji, na tsinko zogale, na ƙara da gutsuren tuwo. Sarki ya dubi kayan ya nutse. Na shaida wa iyali cewa kunyar baƙunta ce, in ya saba zai ci.

Da na ga ya ƙi sakin jiki, sai basira ta zo mini cewa kaɗaici ne ke damunsa. A bayan ɗakin girki uwargida tana da wata babbar roba da take kiwon 'ya'yan tarwaɗa a ciki. Da kuɗin adashinta ta saye su, kuma kowace safiya sai ta ƙirga su kafin ta gaishe ni. Bayan kowa ya kwanta na lallaɓa na saka Sarki a ciki don ya samu abokan hira.

Hira kam an yi ta. Salatin uwargida ne ya tashe ni. Na tarar da Sarki yana shawagi cikin natsuwa, ga kawunan kifi da jela suna yawo a saman ruwa. A gaban idonmu ma ya cafki wani, ya riƙe da baki, ya sa faratan gaba ya yayyage shi. Ta ce, "Malam, baƙon naka ya daina kunya." Na yi ƙoƙarin nuna mata cewa abin da muke kallo darasi ne da ko a jami'a sai an biya kuɗi. Wannan dabba nama ne mafi yawan cimarsa, a ruwa yake farauta kuma a ruwa yake haɗiya. 'Ya'yan kwaɗi, tana, ƙwari, katantanwa, ƙananan kifi da mushe duk nasa ne. Na gaya mata a kudancin Afirka an sha ganin irinsa sun yi taron dangi a bakin mashaya, sun cafke kurciya sun ja ta cikin ruwa, an kuma ga suna cire wa gadu da ɓauna kaska idan sun shiga birgima a taɓo. Ta saurara har na dasa aya, ta ce ta gode da karatu, sannan ta faɗi kuɗin kifinta, ta ce ƙarshen wata take jira.

Ranar Litinin na ɗauki Sarki a bokiti na nufi makaranta, ina ganin yau zan fanshe duk asarar da aka yi. Labari ya riga ni isa, har 'yan wasu azuzuwa sun cika taga. Na ɗora shi a kan tebur, na gyara murya, na ce kowa ya lura da abu uku.

Na farko, na ce, idan kunkuru ya ji tsoro yakan ja kansa baya kai tsaye ya shige cikin ƙoƙo. Na taɓa hancinsa da alli. Sai ya karkatar da wuya gefe guda, ya kwantar da kai a ƙarƙashin leɓen ƙoƙo, ya bar ido ɗaya yana kallona. Yara suka ce, "Malam, bai shige ba, kishingiɗa ya yi!" Na ce wannan taurin kai ne irin na wanda bai je makaranta ba. Ashe kunkurayen duniya gida biyu ne. Akwai masu jan wuya ciki kai tsaye, su ne suka fi yawa, kuma hotonsu ne ya cika littattafan da ake bugo mana. Akwai kuma masu naɗe wuya a gefe, da ake samu a Afirka da Kudancin Amurka da Ostireliya, kuma Sarki ɗan wannan gida ne. Masana suna kiran danginsa Pelomedusa. An daɗe ana ɗaukarsu jinsi guda tun daga nan har Afirka ta Kudu, sai a shekarar 2014 bincike ya raba su zuwa jinsi 10. Suna da 'yan uwa a kogunanmu da Tafkin Chadi masu wata gaɓa a ƙoƙon ciki, wadda suke ɗagawa su rufe gaba ruf in sun ɓoye kai.

Na biyu, na ce, kowa ya san kunkuru ba shi da sauri. Ban rufe baki ba ya zabura, ya ratsa tebur, ya faɗo kan jakar littattafaina, ya nufi layin 'yan mata. Aji ya kacame, masu hawa benci na yi, masu kiran uwa na yi. Da rarrafe na bi shi har benci na ƙarshe.

Ina kakkaɓe gwiwa wani yaro ya tambaya ko in Sarki ya gaji da ƙoƙon zai iya fita ya bar shi. Alhamdu lillahi, an zo inda na sani. Na ce musu ƙoƙon nan ba riga ba ce, ƙashinsa ne: haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka baje suka haɗe, ƙasusuwa fiye da 50, aka lulluɓe su da ɓawo irin abin da aka yi farcenku da shi. Yana jin taɓi ta nan, yana jin zafi, don haka wanda ya huda ƙoƙon ya ɗaura igiya, ko ya jefe shi da dutse, ciwo ya ji masa. Na ce jikinsa ba ya ɗumama kansa irin namu, shi ya sa ake ganinsa a kan itace ko dutse yana shan hantsi. Na ce duk da a ruwa yake zaune, da huhu yake numfashi, dole lokaci-lokaci ya leƙo da hanci sama. Aji ya yi tsit. Na ji girmana yana dawowa. Da na tsaya a nan, da an rabu lafiya.

Na uku, na ce, kunkuru ba shi da haƙori ko ɗaya. Wannan gaskiya ce. Sai na ɗora da tawa: tunda haka ne, ba abin tsoro a bakinsa. Na miƙa masa manuniya don in tabbatar. Hausawa suna cewa kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. To ranar ya samu, nawa. Haƙori kam babu, amma gefen bakin ƙaho ne mai kaifi, da shi yake yanka nama. Na saki wata ƙara da ban san ina da ita ba, ina yarfa hannu yana lilo. Hedimasta ya taho a guje ya tsaya a bakin ƙofa. Sai wata 'yar ƙaramar yarinya, jikar masunta, wadda ba a cika jin muryarta a aji ba, ta ce, "Malam, ka daina ja, tsoma hannun a bokiti." Na tsoma. Ya saki ya nutse abinsa. Hedimasta ya ce, "Malam, an gama ko akwai na huɗu?"

A asibitin sha-ka-tafi ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da ya cije ni. Na ce wata dabbar ruwa ce. Ta zaro ido ta ce, "Kada?" Na ce ƙaninsa. Da ta gama jin zance ta naɗe yatsan, ta ja kunnena a kan wanke hannu da sabulu, domin kunkuraye da ƙadangaru da danginsu sukan ɗauki wata ƙwayar cuta mai suna salmonela, wadda ba ta damunsu amma tana sa wa mutum gudawa da zazzaɓi, kuma ta fi tsanani ga ƙananan yara. Saboda ita ne ma Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkurayen da ba su kai inci 4 ba tun shekarar 1975. Na tuna yadda autana yake shafa bayan Sarki ya koma kan kwanon ɗumamensa, na haɗiye yawu.

Ana cikin haka surukata ta zo ganin jikoki. Kowane Bahaushe ya san abin da ke tsakanin mutum da uwar matarsa: gaisuwa a tsugune, ido a ƙasa, magana ba ta wuce ta lafiya da gajiya. Na gargaɗi yara kada wanda ya ambaci Sarki, na mayar da shi baho na kife da faifai. Ban san faratan nan ba na yagar kifi kaɗai ba ne, har hawa ake yi da su. Cikin dare ya ture faifai, ya ratsa tsakar gida, duk ɗakunan gidan bai zaɓi ko ɗaya ba sai na baƙi. Da asuba Hajiya ta idar da salla, ta miƙa hannu ƙarƙashin gado za ta jawo takalmi, takalmin ya motsa. A'uziyyar da ta yi har maƙwabta sun ji.

Ba mai shiga ƙarƙashin gado sai mai kaya. Haka na shiga ɗakin da surukata take, abin da ban taɓa yi ba tunda aka ɗaura mana aure, na kwanta rub da ciki, rabin jiki a ciki ƙafafu a waje, ina lalube da hannu mai bandeji. Daga can ƙarƙashi nake cewa, "Ina kwana, Hajiya, an tashi lafiya? Ya baƙunta?" Sarki kuma ya ga dama ta samu, ya sake sakin turarensa.

Hajiya ba ta ce mini uffan ba. 'Yarta ta kira ta ce ta tambayi maigidan nata ko bai taɓa jin hadisin matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa ba. Uwargida ta isar da saƙo ba ragi, ta ƙara da nata: tsakanina da Sarki, yau ɗaya zai kwana a waje.

Na sa yarinyar nan jikar masunta ta raka ni wurin kakanta. Muka same shi a bakin fadama, a gindin goruba, yana ɗinkin koma. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ga wani kunkuru da na ceto daga bakin mota." Ya kama shi ta gefe da gefe, inda baki ba ya kaiwa, ya juya ya dubi ciki da wutsiya, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malam, ai Sarkin naka mace ce. Namiji wutsiyarsa ta fi tsawo da kauri, cikinsa kuma da ɗan loko. Dubi nata a shafe. A ina ka ɗauke ta?" Na faɗa masa. Ya ce, "Daga fadama ta nufi tudu, bayan ruwan dare? Wurin saka ƙwai take nema, kai kuma ka tare ta ka kai ta ɗaurin aure."

Ya ce sukan nemi inda ambaliya ba ta kaiwa, su haƙa rami da ƙafafun baya, in ƙasar ta yi tauri su jiƙa ta da ruwan jikinsu, su zuba ƙwai daga 10 zuwa 30 ko fiye, su rufe su tafi. Uwa ba ta kwanci. Ɗumin ƙasa ne ke ƙyanƙyashe su cikin wajen wata 3. Kafin nan guza da tunku da karnuka suna bin sansana suna tonewa, waɗanda suka fito kuma zalɓe da manyan tarwaɗa suna jiransu. Kaɗan ne ke girma, shi ya sa rasa uwa guda ba ƙaramar asara ba ce. Don kada a bar ni a baya, na ce ai na karanta cewa a yawancin kunkuraye zafin ƙasar da ƙwan ya kwanta ne ke sa ɗan ya fito namiji ko mace. Ya ce wannan kuma sai ku 'yan boko, shi dai bai taɓa tambayarsu ba.

Na ba shi labarin wahalar da na sha a bazara. Ya ce, "Ai na gan ka, kai ne mai buhu. A kansu kake tafiya. In ruwa ya janye sai su nutse cikin laka ko ƙarƙashin saiwa su kwanta, ba ci ba sha, yadda gaiwa take yi, har sai ruwan sama ya jiƙa ƙasa." Na ce, "Haba Baba, me ya hana ka gaya mini?" Ya ce, "Ka tambaya?"

Daga nan hirar ta daina ba da dariya. Ya ce ba su kai yawan da ya taso ya gani ba. Wasu suna shiga gura bin kifi, in ba a duba da wuri ba su rasa hanyar shan iska su mutu a ciki. Wasu ƙugiya ke kama su, wasu mota ke takewa da damina. Ana cike kududdufai ana gina gidaje, waɗanda suka rage kuma sun zama juji, leda ta rufe su. Maganin feshi yana gangarowa daga gonaki, ga marasa tsoron Allah masu zuba guba don kama kifi. Ruwan ma ya sauya hali. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ba ta zuwa yadda ta saba, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. A shekarar 2000 an sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, amma sunan da ke kan takarda ba ya buɗe gura.

Ya ce yana saurayi sukan kama manyan kififiya masu taushin baya, yanzu sai a daɗe ba a ga babba ba. Maganarsa tana kan hanya. Akwai wata ƙatuwar kififiya mai taushin baya da a da ake samu daga Gana, ta Nijeriya da Chadi, har Sudan, wadda masana suka shafe shekaru da dama ba su gani ba, sai a 2017 aka sake gano ta a kogin Farin Nilu a Sudan ta Kudu. Dangin Sarki ba su kai wannan hali ba, domin suna da juriya, kowane ɗan tafki ya ishe su. Amma juriya ba ta hana siminti. Kuma ba zaman banza suke yi a ruwan ba: suna kwashe mushe, suna cin tsutsotsin ƙwari da katantanwa, wadda a cikin wasu irinta ne cutar tsargiya take girma kafin ta kama masu wanka a tafki.

Tsoho ya ce in mayar da ita daidai inda na ɗauke ta, ba wani tafki ba, domin can ta sani. Na kwashi 'yan aji muka tafi. Na rubuta jawabin bankwana mai shafi biyu, na tsara yadda za ta tsaya ta waiwayo. Na ajiye ta a bakin ruwa, na buɗe takarda, ban gama sallama ba ta faɗa ciki. Na taka gaba don in nuna wa yara inda ta bi, taɓo ya karɓi takalmina na dama, har yau bai dawo da shi ba. Da ƙafa ɗaya na koma gida, uwargida kuma ta tuna mini cewa wata ya kusa ƙarewa. Tun daga lokacin, in aka ce Malam Mai Kunkuru a garinmu, ba a tambayar wanne.

To yara manyan gobe, ga abin da za ku riƙe. In kun ga kunkurun ruwa yana tsallaka hanya da damina, ku duba mota, ku kama shi ta gefe, ku ajiye shi a ɓangaren da ya nufa, sannan ku wanke hannu da sabulu. Kada ku kai shi gida, kada ku huda ƙoƙonsa, kada ku tone ƙwansa. In kuma na tudu ne, mai tulluwar baya da dunƙulallun ƙafafu, kada ku jefa shi a ruwa da sunan taimako, nutsewa zai yi. Wanda mahaifinsa ke kafa gura ya roƙe shi ya riƙa dubawa da wuri, ya saki abin da ba kifi ba. Ku daina zuba shara a kududdufin unguwarku, domin ko ya bushe akwai masu barci a ƙarƙashinsa. In kuna son sanin halin dabba, ku zauna nesa ku kalle ta a inda Allah Ya ajiye ta, ku kuma tambayi tsofaffin da suka rayu tare da ita. Duk wanda ya ce muku abin da ba shi da haƙori ba ya cizo, ku ce ya fara miƙa nasa yatsan.